Karayar idon sawu: Yaushe ake tiyata, yaushe siminti ke wadatarwa?

Karayar idon sawu na daga cikin raunukan da likitocin ƙashi suka fi gani a duniya. Wata ƙididdiga da aka yi a birnin Edinbara na Birtaniya ta nuna cewa kusan ɗaya daga cikin kowace karaya goma da ke samun manya, a wannan gaɓa take faruwa.

A garuruwan kwarin Rima kamar Birnin Kebbi da Argungu, hanyoyin samun wannan rauni sanannu ne: faɗuwa daga kan babur ɗin kabu-kabu, zamewa a taɓon fadamar shinkafa, faɗawa rami da dare, ko kuma murɗewar ƙafa a filin ƙwallo da fagen kokawa.

Da zarar hakan ta faru, dangin majinyaci kan fuskanci tambayoyi biyu. Ta farko, a nufi asibiti ne ko gidan mai ɗori? Ta biyu kuma, idan an je asibiti, tiyata za a yi ko kuwa siminti za a sa?

Jama'a da dama na gudun asibiti ne saboda tsoron a yanka su a sa musu ƙarfe, ko ma a yanke ƙafar baki ɗaya. Sai dai a wurin likitocin ƙashi, abu guda ne ke raba gardama: shin ƙashin da ke tsakiyar gaɓar na zaune daidai a mazauninsa, kuma zai ci gaba da zama a wurin har karayar ta haɗe?

Yadda gaɓar take

Ƙasusuwa uku ne suka haɗu suka yi idon sawu. Akwai babban ƙashin ƙwauri wanda ke ɗauke da mafi yawan nauyin jiki, da siririn ƙashin da ke gefensa ta waje, sai kuma wani dunƙulallen ƙashi da ke saman dunduniya, wanda likitoci ke kira talus.

Ƙasusuwan ƙwaurin biyu sun rungume wannan dunƙulallen ƙashi ta dama da hagu, kamar yadda mahayi ke maƙale sirdi da ƙafafunsa. Tudun nan biyu da mutum ke ji idan ya shafa idon sawunsa ta ciki da ta waje, su ne ƙarshen waɗannan ƙasusuwa, kuma su ne suka fi karyewa. Jijiyoyi masu ƙarfi ne ke ɗaure dukkansu wuri guda.

Likitoci kan kwatanta wannan tsari da zobe. Idan zobe ya tsage a wuri ɗaya, yakan riƙe siffarsa. Idan kuwa ya karye a wuri biyu, to sai ya rabu. Haka ma idon sawu: idan ƙashin waje kaɗai ya karye, jijiyoyin ciki kuma suna nan lafiya, gaɓar takan zauna daram. Idan kuma an samu karaya ta ɓangarori biyu, ko ƙashin waje ya karye jijiyar ciki ta tsinke, to ƙashin tsakiya kan goce.

Wannan gocewa, komai ƙanƙantarta, tana da illa. A shekara ta 1976 wasu masu bincike biyu a Amurka, Ramsey da Hamilton, sun nuna cewa idan ƙashin tsakiyar ya goce da milimita ɗaya kacal, faɗin wurin da ƙasusuwan ke taɓa juna yakan ragu da kimanin kashi 42 cikin 100. Ke nan nauyin jiki zai taru a ɗan ƙaramin wuri, guringuntsin gaɓar ya riƙa cinyewa a hankali.

Targaɗe ko karaya?

Ba kowane kumburin idon sawu ne karaya ba. Mafi yawansu targaɗe ne, wato jijiya ce ta miƙe fiye da kima ko ta ɗan yage, ƙashi kuma bai taɓu ba. Matsalar ita ce ido ba ya iya bambance su, domin dukkansu suna zuwa da kumburi da zafi da taruwar jini.

A shekara ta 1992 wasu likitoci a birnin Otawa na ƙasar Kanada, ƙarƙashin jagorancin Dokta Ian Stiell, sun fitar da ƙa'idojin da ake amfani da su a ƙasashe da dama wajen sanin wanda ke buƙatar hoton ƙashi. A taƙaice, ana ɗaukar hoto idan mutum ya kasa taka ƙafar har taku huɗu, ko kuma idan ya ji zafi sosai sa'ad da aka danna ƙarshen ɗaya daga cikin tudun nan biyu ko gefensa ta baya.

Ana jan kunnen jama'a dai cewa iya taka ƙafa ba hujja ba ce ta rashin karaya, domin akwai masu karaya da ke iya ɗingisawa har su isa gida.

Idan hoto ya nuna karaya, likita kan duba inda siririn ƙashin waje ya karye. Tsarin da aka fi sani shi ne wanda ke ɗauke da sunan likitan nan ɗan ƙasar Suwizalan, Bernhard Weber, wanda ya kasa karayar gida uku a shekara ta 1966. Rukunin A shi ne karayar da ke ƙasa da layin gaɓar, wadda galibi ba ta gocewa. Rukunin C shi ne wadda ke sama da layin, kuma mafi yawanta tana buƙatar tiyata. Rukunin B, wanda ke daidai layin gaɓar, shi ne ya fi yawa, kuma a kansa ne aka fi samun saɓanin ra'ayi. Domin tantance shi, akan ɗauki hoto majinyacin na tsaye a kan ƙafar, a ga ko ƙashin tsakiya zai motsa.

Jinya ba tare da tiyata ba

Kimanin kashi biyu cikin uku na karayar idon sawu, ƙashi ɗaya ne kawai ke karyewa, kuma da yawa daga cikin irin wannan ba sa buƙatar wuƙa.

Abin da akan yi shi ne a sa filastar nan da aka fi sani da siminti, daga ƙasan gwiwa zuwa tushen yatsu, ko kuma wani takalmi mai tauri da ake iya cirewa. Wani likitan soja ɗan ƙasar Holan, Antonius Mathijsen, shi ne ya ƙirƙiro bandejin siminti a farkon shekarun 1850, kuma har yanzu da shi ake aiki a asibitocin Najeriya.

A kwanakin farko ba a zagaye ƙafar da siminti gaba ɗaya. Akan sa rabi ne ta baya a naɗe da bandeji, domin a bar wa kumburi wurin da zai faɗaɗa. Sai bayan kumburin ya saɓe ake sa cikakke. Bisa al'ada yakan yi makonni shida a ƙafa.

Idan kuwa karayar ta goce amma likita ya ga za a iya kauce wa tiyata, akan ba majinyaci maganin kashe zafi ko na barci, a ja ƙafar a mayar da ƙashin mazauninsa, a sa siminti, sannan a sake ɗaukar hoto nan take. Irin wannan majinyaci wajibi ne ya dawo bayan mako guda, da kuma bayan mako biyu, a sake hoto, domin idan kumburi ya saɓe simintin kan yi sako-sako, ƙashin ya sake zamewa ba tare da mai shi ya sani ba.

Yadda ake tiyatar

Ana yin tiyata idan gaɓar ba za ta zauna da kanta ba, ko an kasa mayar da ƙashin ta hanyar ja, ko kuma ƙashin ya fasa fata ya fito.

Galibi akan yi wa majinyaci allura a baya wadda ke kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa. Likita kan tsaga gefen ƙafar, ya jera ɓarayin ƙashin yadda suke tun asali, ya ɗora ɗan faifan ƙarfe ya ɗaure shi da sukurori. Wannan salo ya bunƙasa ne bayan da wasu likitocin Suwizalan suka kafa ƙungiyar AO a shekara ta 1958, wadda ta tsara kayan aikin da kuma yadda ake koyar da shi.

Ƙarfen ba shi ke warkar da karaya ba. Aikinsa shi ne riƙe ƙashin wuri guda har jiki ya haɗe shi, abin da kan ɗauki makonni shida ko fiye, daidai da wanda aka sa wa siminti. Yawancin mutane kan rayu da ƙarfen ba tare da an cire ba, sai idan yana damunsu.

Lokaci na da muhimmanci. Likitoci sun fi son yin aikin kafin ƙafar ta kumbura sosai, ko kuma su jira mako ɗaya zuwa biyu kumburin ya sauka, domin fatar idon sawu siririya ce, kuma ɗinkin da aka yi a kan kumburi yakan buɗe. Amma idan aka wuce makonni uku, ƙashin ya fara haɗewa a inda yake, gyaransa kuma sai ya zama babban aiki. Icce dai tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Haɗurran tiyata sun haɗa da shigar ƙwayoyin cuta cikin rauni, da buɗewar ɗinki, da taɓuwar jijiyar ji, da kuma daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa, wanda kan iya samun mai siminti shi ma.

Abin da bincike ya nuna

A shekara ta 2012 cibiyar Cochrane, mai tattara sakamakon binciken likitanci, ta duba gwaje-gwajen da aka yi kafin lokacin, ta kuma ce hujjojin da ake da su ba su isa a fifita ɗaya daga cikin hanyoyin biyu ba. Bayan haka ne aka gudanar da manyan gwaje-gwaje.

Mafi shahara shi ne wanda aka yi a asibitoci 24 na Birtaniya, aka wallafa a mujallar JAMA a shekara ta 2016. An ɗauki mutane 620 waɗanda suka haura shekaru 60 kuma karayarsu ta goce, aka yi wa rabi tiyata, rabi kuma aka sa musu wani siminti na musamman mai bin siffar ƙafa. Bayan watanni shida, aikin ƙafar a rukunonin biyu ya zo daidai.

Sai dai kowace hanya ta zo da nata farashi. Kimanin kashi 19 cikin 100 na masu siminti sai da aka koma aka yi musu tiyata, domin ƙashin ya sake gocewa. Kashi 15 cikin 100 nasu kuma ƙashin ya haɗe a karkace, yayin da a ɓangaren masu tiyata kashi 3 ne kawai. A ɗaya hannun, kashi 10 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyata sun samu matsalar rauni, alhali a masu siminti kashi 1 ne.

A shekara ta 2017 wani gwaji da aka yi a Ostireliya da Niyuzilan kan karayar rukunin B wadda ba ta goce sosai ba, ya gano cewa tiyata ba ta ƙara wa majinyata komai ba bayan shekara guda, illa ma ƙarin matsaloli. A shekara ta 2019 kuma, likitoci a birnin Oulu na ƙasar Finlan suka nuna cewa ga karayar da aka tabbatar ba ta motsi, ɗaurin makonni uku bai gaza na makonni shida ba.

Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan majinyata an ɗauki hotonsu kafin a yanke shawara, an kuma ci gaba da bibiyarsu. A gwajin Birtaniya ma, a ɗakin tiyata aka sa simintin, bayan an ba da maganin kashe zafi, kuma likitan da aka horar ne ya sa. Saboda haka sakamakon ba ya nufin kowane irin ɗauri daidai yake da tiyata.

Matsayin masu ɗori

A ƙasar Kabi da Gwandu, kamar sauran ƙasar Hausa, ɗori tsohuwar sana'a ce da ake gado daga kaka da kakanni, kuma ta riga asibiti zuwa. Mai ɗori na zaune cikin jama'a, yana magana da harshensu, ba ya neman kati, kuma sau da yawa yakan karɓi abin da ya sawwaƙa. Ga manomin da ke wani ƙauye a Augie ko Arewa, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Yadda aikin yake shi ne a ja ƙafar, a murza, a shafa mai da magani, a jera karare ko tsagin gora a kewaye, a ɗaure da tsumma ko igiya.

Gaskiya ne mutane da yawa sun warke ta wannan hanya. Dalili kuwa shi ne targaɗe da karayar da ba ta goce ba sukan warke idan aka huta da ƙafar, ko wane ne ya ɗaure ta. Inda ake samun cikas shi ne karayar da ta goce, domin hannu ba ya iya jin bambancin milimita ɗaya ko biyu a cikin kumburarriyar ƙafa. Ƙashin zai haɗe, mutum ya tashi ya yi tafiya, sai bayan wasu shekaru ciwo ya taso. Wani bincike da aka yi a jihar Iyowa ta Amurka a shekara ta 2005 ya nuna cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na amosanin gaɓar idon sawu, tsohon rauni ne asalinsa.

Babban haɗari kuma shi ne ɗaurin da ya yi tsauri. Karyayyiyar ƙafa kan ci gaba da kumbura har kwana biyu ko uku, idan kuma ɗaurin bai ba ta wuri ba, jini kan daina gudana, nama ya mutu cikin 'yan sa'o'i. Likitocin Najeriya sun sha wallafa rahotanni kan wannan ruɓewa, musamman a tsakanin yara. Irin waɗannan majinyata ne kan isa asibiti a makare, a yanke ƙafar domin ceton rai, labari kuma ya bazu cewa asibiti yanke ƙafa ake yi.

Akwai dai shaidar cewa ana iya rage wannan asara ba tare da an yi fito-na-fito da masu sana'ar ba. Wani rahoto da aka wallafa a shekara ta 2005 daga garin Arba Minch na ƙasar Habasha ya nuna cewa bayan an yi wa masu ɗori bita ta yini guda kan illar ɗauri mai tsauri, yawan gaɓoɓin da ake yankewa saboda ruɓewa ya ragu ƙwarai.

Alamun da ba a jira da su

Ko siminti ne a ƙafa ko ɗorin gargajiya, likitoci na cewa a sassauta ɗaurin a garzaya asibiti idan zafi na ƙaruwa maimakon raguwa, ko yatsu sun yi sanyi, sun yi fari ko baƙi, ko sun daina ji, ko ƙuraje masu ruwa sun fito, ko kuma an ji wari da zazzaɓi.

Idan kuwa akwai rauni a kan karayar, ko ƙashi ya fito waje, kada a tura shi ciki, kada kuma a zuba masa toka ko garin magani. A rufe da tsumma mai tsabta, a tallafe ƙafar, a kai majinyacin asibiti nan take domin a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta da allurar rigakafin sarƙe-haƙora, a kuma wanke raunin a ɗakin tiyata.

Masu ciwon sukari na buƙatar kulawa ta musamman, domin raunin tiyata kan yi musu wuyar warkewa, siminti kuma kan iya ci musu fata ba su ji ba. Shan taba na jinkirta haɗewar ƙashi. Su kuwa yara, karayarsu kan bi ta wurin da ƙashi ke tsiro, idan kuma aka bar ta a karkace ƙafar na iya girma a lanƙwashe.

Asibitoci da batun kuɗi

Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙiro daga tsohuwar jihar Sakkwato a shekara ta 1991, tana da babban asibiti a Argungu. A Birnin Kebbi kuma akwai asibitin tunawa da Sarkin Gwandu Sir Yahaya da asibitin gwamnatin tarayya. Daga nan akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, da kuma asibitin ƙashi na Dala da ke Kano, wanda aka buɗe a shekara ta 1959.

Tiyata ta fi siminti tsada nesa ba kusa ba, domin ban da kuɗin aiki akwai na ƙarfe da gado da magunguna. Ko da yake dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta shekara ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowane ɗan Najeriya, mafi yawan jama'a daga aljihunsu suke biya.

Shi ma siminti yana da nasa ɗawainiya, domin majinyacin da ke nesa sai ya yi ta zirga-zirga zuwa gari ana sake hoto. Saboda haka likita kan auna shekarun mutum da lafiyarsa da sana'arsa, da kuma ko zai iya dawowa a ranakun da aka sa masa.

Bayan an cire ɗauri

Ko wace hanya aka bi, gaɓar takan sandare bayan makonni ba ta motsi, don haka akan tura majinyaci sashen gashin ƙashi. Wani gwaji da mujallar Lancet ta wallafa a shekara ta 2024 ya nuna cewa waɗanda aka bari suka fara taka ƙafa makonni biyu bayan tiyata ba su gaza waɗanda suka jira makonni shida ba, amma likita ne ke da ikon ba da wannan izini. Kumburi kuwa kan iya kai watanni yana zuwa yana tafiya.

A wannan yanki, lanƙwasuwar idon sawu ita ce rayuwar yau da kullum: tsuguno, zaman salla, dashen shinkafa a fadama, da shiga ruwan Matan Fada da homa da gora. Gaɓar da ta haɗe a karkace kan iya raba magidanci da sana'arsa tun yana da sauran ƙarfi.

Shi ya sa shawarar likitocin ƙashi ita ce a fara ɗaukar hoto a cikin kwanakin farko, kafin a yanke hukunci kan inda za a yi jinya. Kuɗin hoton bai kai na tiyata ba, kuma ga majinyata da dama, abin da zai nuna shi ne ba sa buƙatar tiyatar.